Ranar da Ɗakin Naɗi ya Zama Abin Kiɗa: Nazari a kan Faifan Revolver

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tarurrukan ƙungiyoyinmu na al'adu, daga Maraɗi har Damagaram. Da zarar an taɓo zancen waƙoƙin zamani, sai wani dattijo ya miƙe ya ce ai waɗannan yara ba mawaƙa ba ne, na'ura ce ke yi musu waƙa; a raba su da situdiyo, a ba su kalangu a dandali, a ga ko za su kai labari. Matasa kuma su yi ca, su ce kowane zamani da kayan aikinsa. A watse kowa na kan bakansa. Abin da ba a cika yi ba shi ne a ɗauki aiki guda, a zauna a saurare shi da kunnen basira, a tantance me na'ura ta yi, me mutum ya yi, me aka samu, me aka rasa. Shi nake so in gwada a nan, kuma da gangan na zaɓi faifan da ke nesa da mu, wanda ba mu da ɗan'uwa ko abokin hamayya a cikinsa, don kada son rai ya shiga tsakani: Revolver, na ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda ya fito ranar 5 ga Agusta 1966.

Masu sha'awar kiɗan rok za su tambaya me ya hana in ɗauki Sgt. Pepper na 1967, tunda shi ya fi suna. Dalilina shi ne kusan duk dabarun da ake yaba wa wancan faifai an riga an gwada su shekara guda kafinsa, kuma a Revolver ana ganin ɗinkin a fili, ba a kai ga lulluɓe shi da ado ba.

Sai mai karatu ya tuna yadda naɗar sauti take tun farko. A zamanin faifan garmaho, makaɗa suna yi, allura tana sassaƙa kai tsaye. In wani ya yi kuskure, a zubar a sake daga farko. Aikin situdiyo a lokacin aikin shaida ne: ya ji abin da aka yi, ya adana. Zaren maganaɗisu, wanda muke ce wa bandi, shi ya sauya wannan. Kamfanin AEG na Jamus ya nuna na'urarsa ta Magnetophon a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa suka kwashi fasahar, kamfanin Ampex ya fara sayar da tasa a 1948. Bandi abu ne da hannu ke iya taɓawa. Ana yanka shi da reza, a liƙa shi, a juya shi baya, a ƙara masa gudu ko a rage. Makaɗin gita Les Paul ya daɗe da nuna cewa mutum ɗaya na iya ɗora kiɗansa a kan kiɗansa. Duk da haka, lokacin da Beatles suka yi faifansu na farko, Please Please Me, tsohuwar hanya suka bi: waƙoƙi 10 daga cikinsa a rana ɗaya aka naɗe su, 11 ga Fabrairu 1963, a na'ura mai layi biyu. Abin da suke yi a gidajen rawa na Liverpool shi suka maimaita gaban mikoro. Shekara uku bayan haka, Revolver ya ci daga 6 ga Afrilu zuwa 21 ga Yuni, sama da awa 200 na aiki, don waƙoƙi 14 da tsawonsu duka bai wuce minti 35 ba.

Wurin da aka yi aikin, situdiyon kamfanin EMI da ke Abbey Road a Landan, ba gidan ƴan gwaje-gwaje ba ne. Ya fi kama da ma'aikatar gwamnati: masu kula da injuna suna sanye da fararen riguna kamar likitoci, kowane abu da ƙa'idarsa a rubuce, har tazarar da za a bari tsakanin mikoro da abin kiɗa. Mai tsara faifan, George Martin, yana da shekara 40, ya yi karatun kiɗan gargajiyar Turai. Injiniyan da ya riƙe Beatles tun farko, Norman Smith, an ƙara masa girma, sai aka miƙa kujerarsa ga wani saurayi ɗan shekara 20, Geoff Emerick. Na'urar da suke da ita kuwa, Studer J37, layi huɗu kawai gare ta. In layukan sun cika kuma ana son ƙara wani abu, dole a gauraya biyu ko uku a zuba su a layi guda na wata na'urar, a sami fili. Da zarar an gauraya, shi ke nan, kamar an dama fura da nono. Ba a sake raba ganga da gita. Ke nan kowace rana sai an yanke hukuncin da babu komowa a cikinsa. Ina ganin wannan takura tana cikin dalilan da suka sa faifan ya fito a tsuke, babu abin da ya yi yawa.

Waƙar da aka fara naɗa, ranar farko, ita aka sa a ƙarshen faifan: Tomorrow Never Knows, ta John Lennon. A kanta zan fi daɗewa, don duk gardamarmu tana cikinta.

Lennon ya zo da waƙa wadda kusan ba ta motsawa daga amo ɗaya, wato do. Ga kunnen Bature na lokacin wannan baƙon abu ne, don waƙoƙinsu a kan sauye-sauyen amo suke tafiya. Kunnen Bahaushe kuwa ba zai yi mamaki ba; mun saba da kiɗan da ya kafa tushe guda, ganga tana maimaita zubi ɗaya, murya tana yawo a bisa. George Harrison ya shimfiɗa tambura ta Indiya a ƙasa tana gunji ba yankewa, Ringo Starr ya kama zubin ganga mai ɗan ɗingishi bai sake shi ba har ƙarshe. Amma sautin gangar shi ne abin lura. Emerick ya ba da labari cewa ya cusa rigar sanyi ta ulu cikin babbar gangar ƙafa don ta daina kuwwa, ya matso da mikoro dab da fatar, abin da ƙa'idar gidan ta hana, sa'an nan ya bi da sautin ta cikin na'urar Fairchild mai matse ƙara. Ita wannan na'ura an ƙera ta ne don ta hana sauti wuce iyaka. Da aka cika ta da ƙarfi fiye da kima, sai ta riƙa danne kowane bugu tana saki, har faranta na tagulla suka zama kamar suna numfashi. Ba a taɓa jin ganga haka a faifan rok ba, kuma babu ɗan kallon da zai ji ta haka a dandali, don ba wanda ke sa kunnensa cikin ganga.

Game da muryarsa, Lennon ya ce wa Martin yana so ta fito kamar ta Dalai Lama yana wa'azi daga ƙololuwar dutse. Bai san komai a kan waya da lantarki ba. Hoto ya bayar, aka bar wa ma'aikata su nemo hanya. Suka ɗauko lasifikar Leslie, wani akwatin katako da aka yi domin organ ɗin Hammond, wanda a cikinsa akwai ƙaho mai juyawa. Yayin da ƙahon ke juyi, sautin yana tunkaro mai saurare yana juya masa baya, kamar odar mota da ta zo ta wuce, sai dai sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Aka kutsa cikin wayoyinsa aka bi da muryar mutum ta ciki. Wanda ya saurara zai ji cewa a farkon waƙar muryar tana kusa. Bayan tsakiya sai ta koma nesa, tana karkarwa, kamar ana jiyo ta daga wani gari.

Sai kuma zobban bandi. Paul McCartney a lokacin yana sauraren mawallafan kiɗan gwaji irin su Karlheinz Stockhausen, yana kuma wasa da rikoda a gidansa. Yakan yanki guntun bandi, ya liƙa ƙarshensa da farkonsa ya zama zobe, sautin da ke kai ya yi ta zagayowa. Ya kawo su situdiyo, aka zaɓi biyar. Abin da kowa ke ɗauka kukan tsuntsayen teku ne a waƙar, dariyar McCartney ce da aka ƙara wa gudu. Ranar 7 ga Afrilu aka ɗora kowane zobe a kan na'urarsa, a ɗakuna dabam-dabam na ginin, ma'aikaci yana tsaye yana riƙe da zoben da fensir don kada ya saki, su kuma mawaƙan da Martin da Emerick suna gaban teburin haɗa sauti suna ɗaga wannan suna sauke wancan yayin da waƙar ke tafiya.

Wannan dabara ba a Ingila aka haife ta ba. Pierre Schaeffer ne ya fara ta a gidan radiyon Faransa a Paris a 1948, da sautin jiragen ƙasa, ya raɗa mata suna musique concrète, wato kiɗan da aka gina da sautukan zahiri. Shi kuwa Schaeffer ba baƙonmu ba ne sarai: shi ya kafa SORAFOM a 1955, hukumar da ta tsaya wajen buɗe gidajen radiyo a ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Radiyo Nijar a 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel. Abin da Beatles suka yi shi ne suka ɗauko abin da ƴan boko ƙalilan ke saurare a zaure, suka sa shi cikin waƙar minti uku da miliyoyin matasa za su saya.

Ga inda nake so dattijonmu ya tsaya ya yi tunani. Waƙar da ta fi kowace a faifan dogara ga na'ura, ita ce kuma wadda ba a iya maimaitawa. Hannuwa da yawa ne suka haɗu a lokaci guda, kowa yana sauraren ɗan'uwansa, abin da ya fito ya fito. Martin da kansa ya sha faɗin cewa ba za a iya sake wannan haɗi ba. In wasa a dandali yana nufin abin da mutane suka yi tare sau ɗaya cikin haɗarin kuskure, to an yi wasa a ranar, teburin haɗa sauti ne abin kiɗan. Baitocin kuwa, gaskiya, ba su burge ni ba. Lennon ya tsamo su daga littafin Timothy Leary da abokansa na 1964, wanda ya ɗauki wani littafin addinin Tibet ya mai da shi jagoran masu shan ƙwaya. Hikimar aro ce, wadda aka aro daga wanda shi ma arowa ya yi. Sautin ya fi maganar zurfi nesa ba kusa ba, kuma da an rera baitocin da gita kaɗai da tuni an manta da su.

Wata ƙirƙira da ta ratsa faifan gaba ɗaya ita ce ninkin murya na na'ura, wanda ake taƙaita sunansa da ADT. A da, in ana son murya ta yi kauri, mawaƙi yakan rera sau biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya. Lennon ya ƙi jinin wannan wahala. Injiniya Ken Townsend ya samo mafita a wannan shekarar: a kwafi muryar zuwa na'ura ta biyu, a jinkirta ta da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a riƙa ɗan sauya mata gudu, a mayar da ita gefen ta asali. Kunne sai ya ji kamar mutum biyu. Dabara ce mai kyau, amma a nan ina tare da masu ƙorafi. Wanda ya rera sau biyu ya yi numfashi biyu, kuma ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ke ba da rai. Duk wanda ya saurari ƴan amshin Narambaɗa ya san cewa cikar sautinsu daga rashin daidaituwar muryoyin take zuwa, wannan ya ɗan riga, wancan ya ɗan ja. ADT mutum ɗaya ne da inuwarsa. An ƙirƙiro shi don a huta, kuma da yake yana da sauƙi sai aka yi ta shafa shi har inda ba a bukata. Daga nan hanya ta miƙe zuwa na'urorin gyaran murya na yau.

Inda na fi jinjina wa faifan kuwa, dabarar da aka yi ba ta da wani ƙyalƙyali. A Eleanor Rigby babu ɗaya daga cikin Beatles da ya taɓa abin kiɗa. Makaɗa takwas aka ɗauko masu gogen Turawa: ƙanana huɗu, matsakaita biyu, manya masu kaurin murya biyu. Martin ya rubuta musu kiɗan yana tuna salon Bernard Herrmann, mai kiɗan fina-finai, bugu gajere-gajere mai kaifi, kuma McCartney ya nemi kada a sa karkarwar nan mai daɗi da aka saba ji a goge. A al'ada ana rataya mikoro can sama, don a kama sautin bayan ya gauraya da iskar ɗaki ya yi laushi. Emerick ya kawo shi dab da tsirkiya. An ce makaɗan ba su ji daɗi ba, suna ta ja da kujerunsu baya, don a wannan kusanci ba abin da ke ɓoyuwa. Abin da ya fito shi ne ƙarar gashi yana gogar tsirkiya, busasshe, babu kuwwa, babu rarrashi. Waƙar tana ba da labarin wata mace da ta rayu ita kaɗai, ta mutu aka binne ta ba wanda ya halarta, da wani limamin coci da ba mai sauraren wa'azinsa. Da an naɗe gogen ta tsohuwar hanya, da ya yi wa matar kuka, mai saurare ya share hawaye ya ji sanyi a ransa. Da aka matso da mikoro sai gogen ya ƙi tausaya mata, kamar yadda mutanen garinta suka ƙi. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin mikoro da tsirkiya ta shiga cikin ma'anar waƙar, kuma ban san wata hujja da ta fi wannan ba a kan cewa injiniya yana cikin masu fassara baiti.

An yi irin wannan matsowar da ƙahonin tagulla a Got to Get You into My Life, inda aka tura mikoro cikin bakin ƙahon, don a kamo zafin kiɗan baƙaƙen Amurka da suke sha'awa. A waƙar Paperback Writer, wadda aka naɗa cikin waɗannan makonni amma aka fitar a ƙaramin faifai dabam, an juya lasifika ta zama mikoro don a kama kaurin gitar bas.

I'm Only Sleeping ta cancanci a ɗan tsaya. Duk abin kiɗa mai tsirkiya da ake taɓawa da yatsa, gita ne ko gurmi ko molo, sautinsa yana farawa da ƙarfi sa'an nan ya yi ta mutuwa. In aka juya bandi baya, sai ya taso daga shiru, ya kumbura, ya yanke kwatsam, kamar ana tsotse shi. Juya bandi kowa na iya yi. Harrison bai tsaya nan ba: ya tsara zubin da yake so a ji, aka rubuta shi daga ƙarshe zuwa farko, ya koyi kaɗa shi a hakan, don in an juya ya faɗa daidai gurbinsa. Ya ɗauke shi awoyi, saboda ƴan daƙiƙoƙi. Aka kuma yi wasa da gudun bandin, kiɗan aka naɗe shi da sauri aka rage, muryar aka naɗe a hankali aka ƙara, sai kiɗan ya yi nauyi kamar gaɓoɓin mai barci, muryar ta yi siriri. Waƙar mutumin da ba ya son a tashe shi ce, kuma gitar tana tafiya yadda abubuwa ke tafiya a mafarki.

Ba duka faifan ne ya kai nan ba. Yellow Submarine, da sarƙoƙinta da bahon ruwa da ƙarar kofuna da ihun matuƙan jirgi, wasan yara ce mai daɗi, amma dabarunta na wasan kwaikwayon radiyo ne da aka daɗe da sani. Love You To, inda Harrison ya kaɗa sitar, ta fi nuna ɗalibi mai ƙwazo da bai daɗe da fara karatu ba. Doctor Robert waƙa ce da za a iya cirewa ba a ji giɓi ba.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ya kamata ya dami ƙungiyoyinmu. A bayan kwalin faifan an rubuta sunan Martin, an rubuta na Alan Civil mai busa ƙaho a For No One, da na Anil Bhagwat mai kaɗa tabla. Ba a rubuta na Emerick ba, ba a rubuta na Townsend ba, balle masu riƙon fensir. Albashinsu suka karɓa. Emerick ya fitar da littafin tarihin aikinsa a 2006, kuma daga cikinsa yawancin labaran nan suka bazu. Wasu abokan aikinsa, musamman Ken Scott, sun fito sun ce ya jawo ruwa ya kai gonarsa, ya kuma ƙawata abin da ƙwaƙwalwa ta manta. Ko ma wane ne ya fara matso da mikoron, hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinka ba, kuma mutum huɗu kawai aka zana a gaban kwali. Yaron da ke zaune gaban kwamfuta a wani ɗan situdiyo a Yamai ko Kano, yana gina kiɗan da wani zai yi suna da shi, magajin waɗannan ma'aikata ne ta wannan fuska ma.

To me aka biya? Kwanaki kaɗan bayan kammala faifan, Beatles suka fita rangadi, Jamus da Japan da Filifin, daga baya Amurka. Ba su rera ko waƙa ɗaya daga Revolver ba. Yaya mutum huɗu da gita uku da ganga za su yi Eleanor Rigby, ko su ɗauko zobba biyar zuwa filin ƙwallo? Dama ihun ƴan kallo ya riga ya hana su jin kansu. A filin Shea na New York a 1965 mutum sama da 55,000 ne suka taru, lasifikokin zamanin kuwa ba su iya rinjayar wannan hayaniya. Ranar 29 ga Agusta 1966, a Candlestick Park na San Francisco, suka yi wasansu na ƙarshe gaban masu biyan kuɗin shiga. Kiɗa ya sauya, rawa ta sauya.

A nan maganar dattijo tana da nauyi, kuma bai kamata matasa su yi mata dariya ba. Makaɗin Hausa a gaban jama'a yake gina waƙarsa. Wani ya shigo ya yi kari, baiti ya ƙaru; fuskar ubangida ta sauya, zambo ya juya ya zama yabo; ƴan amshi su ɗauke masa numfashi ya samu ya yi tunani. Waƙar ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu. Faifai irin Revolver ya rufe wannan ƙofa: mai saurare ba shi da ta cewa, abin da aka yanke a watan Yuni 1966 shi zai ji har abada. Wannan rashi ne na gaske. Inda na rabu da dattijo shi ne cewar da yake yi na'ura ce ke waƙa. A Abbey Road kusan kowace na'ura an tilasta mata aikin da maƙerinta bai nufe ta da shi ba: lasifikar organ ta ɗauki murya, mai hana ƙara ta zama mai ƙara zafi, lasifika ta zama mikoro. Mutum ne ya fara jin abin a kansa, sa'an nan ya matsa wa ƙarfe sai ya ba shi. Abin da ke gundurar kunne a yawancin waƙoƙinmu na situdiyo shi ne an karɓi abin da na'ura ta zo da shi daga kanti, amon da Yamaha ya riga ya zuba cikin fiyano, da Auto-Tune da aka murɗa har ƙarshe a kan kowace murya, ba a nemi komai daga gare su ba. Auto-Tune ya fito a 1997 don gyaran kuskure a ɓoye. Waɗanda suka murɗe shi a waƙar Cher ta 1998 sun karya ƙa'ida ne a lokacin. Wanda ya yi haka yau bin sahu yake yi. Ban ga abin da zai hana wani ya zauna ya gano inda ya kamata a aza mikoro a jikin kalangu ko gurmi ba, yadda Emerick ya zauna da gangar Ringo.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi wanda zai nemi faifan ya saurara. A 1966 an fitar da shi iri biyu, mono da sitiriyo, kuma mono aka fi ba kulawa, don shi yawancin mutane ke da na'urar ji. Sitiriyon na lokacin yana da aibu a fili: a Taxman ganga da bas da gita an tara su a kunne ɗaya, saboda a layi ɗaya aka naɗe su, ba yadda za a yi. A Oktoba 2022 Giles Martin, ɗan George Martin, ya fitar da sabon haɗi, da taimakon wata fasahar kwamfuta da ma'aikatan Peter Jackson suka gina, wadda ke koyon muryar kowane abin kiɗa ta zare shi daga cikin gauraye. Wato an raba furar da nonon. Sakamakon yana da tsabta, ana jin yatsun McCartney a kan bas yadda ba a taɓa ji ba, kuma ga malamin da ke son nuna wa ɗalibai yadda aka gina waƙa, ya fi sauƙin aiki. Amma ni mono na 1966 nake sa wa ɗalibaina tukuna. A cikinsa ganga da gita suna matse da juna suna gogayya, kuma wannan matsin yana cikin abin da mutanen suka ji a ɗakin suka ce ya yi. Har kurakuran ina son a ji su. A tsohon sitiriyon Eleanor Rigby, a farkon baiti na fari, an makara wajen kashe ninkin murya, sai gaɓoɓin farko suka fito a kunne biyu kafin muryar ta koma dama ita kaɗai. A haɗin 2022 an share wannan.